Wutsiyar Ayari

Tun yana da baƙin gashi ake kiransa Wutsiya, har furfura ta zo ta ƙara masa Baba a gaba. Sunansa na yanka matarsa ce kaɗai ta riƙe, ita ma da ta tashi barin duniya sai ta tafi da abinta.

Rumfarsa ta gyaran keke tana bakin ƙofar gandun daji, daidai inda kwalta ke sallama da gidaje ta nutsa cikin itatuwa. Rumfar kwano ce, tsofaffin tayoyi rataye a jikin ginshiƙi, ga bahon ruwa da yake tsoma tib a ciki don neman huda, ga benci da zama ya goge har yana sheƙi. A bayanta akwai ɗaki guda, gado da fitila da buta. Ranakun mako kekunan maƙwabta yake lallaɓawa, masu kukan rashin mai. Amma ran Asabar da sassafe mutanen birni ke isowa da kekunan tsere ɗaure a kan motoci, tayoyi sirara kamar yatsa, riguna masu launi kamar tsuntsayen da suka yi ɓatan hanya.

Hanyarsu ɗaya ce. Ta ratsa kurmi, ta hau wani dogon tudu da suke kira Sha-Wuya, ta gangara kwarin kogi, ta tsaya a tsohuwar gada. Can ake hutawa, a sha ruwa, a juyo.

Shekarun baya, wani daga cikinsu ya zame a gangara ya faɗa rami, ƙafa ta karye. Ayari ya je ya dawo, kowa ya hau motarsa, ba wanda ya lura. Washegari Wutsiya mai gyaran keke ya tsinto shi, ƙishi ya kusa gamawa da shi. Daga ranar aka kafa ƙa'ida: mai gyara ne zai riƙa bin baya, da jakar kayan aikinsa, ba zai wuce kowa ba komai nawarsa. Kuma ba wanda zai bar gada sai an ji ƙararrawar kekensa, alamar babu sauran mutum a hanya.

Wannan ƙa'ida ta zama jikinsa. In ya ji motsi a bayansa, ƙafarsa kan sauka ƙasa tun kafin ya yi shawara da ita. Ya jira masu haki, ya jira masu amai, ya jira wani alƙali da ya zauna bakin hanya yana kuka don tudu ya fi ƙarfinsa, bai kuma taɓa faɗa wa kowa ba. Mutane na farko suna ganin hanya. Shi kuwa bayan mutane yake gani, ya san kowa ta ƙeya da kafaɗa. Ya san kurmin a lokacin da hayaniya ta wuce, birai sun dawo kan kwalta, barewa ta leƙo ta ga ko an gama.

Sai shekaru suka fara bin bayansa shi ma, su kuwa ba sa tsayawa a wuce su.

Gwiwa ce ta fara, numfashi ya biyo. Jiran da ake yi masa a gada ya riƙa tsawo. Tsofaffin abokan tafiya sun watse, wasu ƙasa ta rufe, wasu tumbi ya hana. Sababbin da suka zo ba su san labarin ramin ba. In ya iso yana kaɗa ƙararrawa, sai su yi masa tafi da ihu.

"Baba Wutsiya, mun ɗauka birai sun naɗa ka sarki!"

"Sun so," yakan ce, "na ce musu ina da wasu biran da nake kiwo a gada."

A yi dariya. Amma yana ganin yadda ido ke sauka kan agogo.

Wata Asabar jiri ya kwashe shi a tsakiyar Sha-Wuya. Ya farfaɗo shi kaɗai, kunci a kan tsakuwa, tayar baya tana juyawa a hankali. Ya tashi, ya kaɗe jiki, ya ƙarasa. Mai gadin ƙofar gandu ne ya ga jini a gwiwar hannunsa, kuma mai gadi bakinsa ba ƙofa.

'Yarsa, ma'aikaciyar jinya ce a birni, ta iso tun kafin ciwon ya bushe. Ta zauna a bakin gadonsa tana naɗa masa abin awon jini a dantse.

"Baba, zuciyar nan ba tib ba ce da za ka liƙa mata faci."

"Wa ya ce miki ta huje?"

"Ga shi abin awo ya faɗa. Ka zo ka zauna da mu. Ɗaki yana nan, jikokinka suna nan."

"In na tafi wa zai bi baya?"

"Kai wa ke bin bayanka?"

Ya kau da kai yana kallon fitila. Ta tattara kayanta, ta share ido da gefen mayafi, ta fita. Ya ɗauka magana ta mutu.

Asabar ta zagayo. Shugaban ayarin, wani likitan haƙori mai yawan fara'a, ya gaishe shi da hannu biyu, ya tambayi jiki har ya maimaita, amma bai yarda sun haɗa ido ba. Ayari ya tashi. Baba Wutsiya ya bari na ƙarshe ya ba shi rata, sannan ya hau.

Raɓa ba ta gama bushewa ba. Kurmi yana ƙamshin ganye jiƙaƙƙe, rana tana tsiyayowa ta tsakanin rassa kamar ta rariya. Ya ji daɗin jikinsa har ya fara ƙunƙunin wata tsohuwar waƙa. A gindin Sha-Wuya ya ji ƙarar inji a bayansa.

Ba a barin mota ta shiga gandu da safiyar Asabar. Ya ce a ransa ko ma'aikata ne. Ƙafarsa ta sauka, ya raɓe gefe, ya yi alama da hannu a wuce.

Motar ta tsaya.

Ya jira. Ita ma ta jira. Ya sake yafutowa, ba ta motsa ba. Ya hau ya ɗan taka, ta biyo a hankali kamar akuyar da ta ga dusa. Ya tsaya, ta tsaya. Wani biri a kan reshe ya dube shi, ya dubi motar, ya sosa ciki.

Ya jingine keken a jikin itace ya taka zuwa gare ta. Ƙaramar motar ɗaukar kaya ce mai buɗaɗɗen baya, kuma ya san ta. Direban ya yi wuf ya fito, ya cire hula, ya rusuna. Mijin 'yarsa ne.

"Baba, ina kwana."

"Lafiya. Ɓata ka yi?"

"A'a, Baba."

"To wuce. Hanya ga ta nan."

Surukin ya murza hular a hannu, yana kallon takalminsa. "Baba, an ce kada in wuce kowa."

"Wa ya ce?"

"Likita, shugaban ayari. Da kuma ita, 'yarka."

"Kowa?"

"Kowa, Baba. Komai nawarsa, haka suka ce."

Maganarsa ce aka maido masa, kalma ba ta canja ba. Ya zagaya bayan motar don kada yaron ya ga fuskarsa. A ciki akwai tayoyi sababbi, da famfo, da jarkar ruwa. A gefe kuma an shimfiɗa katifa, da matashi mai riga shuɗiya. Ya gane rigar. Matarsa ce ta ɗinka ta, 'yar ta ɗauke bayan rasuwa. Ba don masu tsere aka shimfiɗa wannan ba.

"Ka san," ya ce, "in ka ƙi wucewa, ni ma ba zan tafi ba. Nan za mu kwana."

"Sai mu kwana, Baba. In na koma na ce na wuce ka, gara kura ta cinye ni a nan."

Dariya ta so ta zo masa, ya danne ta. Suka tsaya haka, tsoho da suruki, kowa yana gadin bayan ɗan'uwansa, inuwa tana janyewa daga kwalta. Sai ya tuna mutanen gada. Suna can cikin rana suna jiran ƙararrawa, kuma duk tsayuwar da ya yi su ke biya. Bai taɓa barin mutane a rana don son ransa ba.

Ya hau keken.

Sha-Wuya bai taɓa yi masa tsawo irin na ranar ba. Inji yana gurnani a ƙeyarsa, ƙafarsa tana ta neman sauka, yana hana ta. A kan tudu kwarin ya buɗe a gabansa, kogi kwance kamar wuƙar da aka manta cikin ciyawa, balbelu farare a bakin ruwa. Ya saki birki ya gangara, iska tana kwashe ruwan da ke idonsa tana kai wa kunne.

Gada ba kowa.

Sai ɓawon ayaba, da sawun tayoyi sirara a kan yashi, sun bi ta wata sabuwar hanya da ke zagaye tudu ta koma ƙofa. Motar ta tsaya a bayansa, surukin ya fito da waya a hannu.

"Sun kira ni, Baba. Na ce musu kowa lafiya, ina tare da kai. Sai suka ce to, bari su rage rana."

"Ka yi daidai," in ji tsohon.

Ya ɗora yatsa a kan ƙararrawa. Ya dubi ruwa, ya dubi yashi. Sannan ya janye yatsan, don akwai mutum a bayansa.

Ya gwada juya keken ya fuskanci tudu, gwiwoyinsa suka ce ba da su ba. Surukin ya ɗaga keken ya kwantar a bayan mota, ya buɗe masa ƙofar gaba.

"A'a. Baya zan zauna."

"Baba, rana."

"Na saba da ita."

Bai kwanta a katifar ba. Ya zauna a bakinta, ya rungume matashin a cinya, ya juya wa direba baya, fuskarsa tana kallon hanyar da suke bari. Mota ta tashi. Gada ta ƙanƙance, kogi ya shige bayan itatuwa. Idonsa yana bin ramukan gefen hanya ɗaya bayan ɗaya, hagu da dama, ko an bar wani. Duk inda taya ta faɗa gargada, ƙararrawar keken da ke kwance takan yi ƙara ita kaɗai, ƙasa-ƙasa.

Kafin damina ta ƙare aka ga kwaɗo a ƙofar ɗakin bayan rumfa. Bahon ruwan yana nan, ganye ya cika shi. A gidan 'yarsa, an ce, in za a fita sai kowa ya fice tukuna, har ƙaramar jikarsa mai jan takalmi, sannan tsohon ya tashi ya ja ƙofa.