Zanen Wanki Uku

Inna ba ta taɓa sayen ko ɗankwali ba sai ta wahalar da mai shi. In muka shiga layin 'yan atamfa a kasuwar Makarfi, ina ganin yadda masu rumfa ke gyara zama. Za ta kama bakin atamfa ta murza, ta murza, har sitacin ya kakkaɓe, ta ɗaga ta saitin rana ta ga ko haske na ratsa zaren. Sai ta lashi yatsa ta dangwala, ta goga a farin gefen mayafinta. Daga nan ta yanke hukunci da ƙarfi, ko kunyar mai kaya ba ta ji: "Wannan shekara shida." Ko kuma, "Wannan ba za ta ga damina biyu ba."

Kuma wallahi ba ta taɓa kuskure ba. Mijina ya taɓa sayo wata shadda yana ta hura hanci, Inna ta shafa ta ce wata takwas. A na takwas ɗin ta yage masa a kafaɗa, a sahun gaba, ranar Juma'a. Har yau ba ya son a tayar da zancen.

Ni ce 'yar farinta, saboda haka ba ta kiran sunana, sai dai "ke 'yar nan". Ina koyarwa a Ikara, ita kuma tana Nasarawan Doya wajen ƙanena da matarsa. Wata shekara ana saura kwana goma ƙaramar salla na je na ɗauko ta, na ce yau ta zaɓi abin da ranta ke so. Lafiyarta lau a lokacin. Da ƙafarta take zuwa tsinkar tattasai, ta dawo ta yi wa kowa faɗa.

Da muka isa kasuwa, wani mai rumfa ya fito mana da wata atamfa ruwan ƙasa, mai nauyi. Inna ta yi mata duk abin da ta saba. Yatsanta ya fito fes. Ta daɗe tana shafa ta, sannan ta ce, "Shekara goma sha biyu, in ba a bar ta tana kwana a kan igiya ba." Sai ta ninke ta miƙa masa abarsa.

Akwai wasu zannuwa 'yan roba da aka zube a ƙasa bisa buhu, irin waɗanda Inna ko da ƙafa ba ta taɓawa. Ta sunkuya ta zaro wani kore mai furanni. Ta dangwala masa yawu, yatsanta ya yi kore shar.

"Wanki uku," in ji ta. "A ba ni wannan."

Mai rumfa ya yi dariya, ya ɗauka wasa take. Ni kuwa raina ya ɓaci. Na ce, "Haba Inna! So kike a ce na kawo uwata kasuwa na saya mata tsumma? Me aka yi aka yi wannan abin?"

Ba ta ɗaga murya ba, kuma wannan ne ya fi ba ni tsoro, don Inna ba ta magana a hankali. Ta dube ni ta ce, "Ya ishe ni."

Rana tsaka ce, ana ta hayaniyar masu lodin rake. Na sayi koren. Da ta juya wajen masu daddawa na koma da sauri na sayi ruwan ƙasan ma, na cusa a jaka.

Bayan salla na je gaishe ta, na tarar da koren zanen a kan igiya yana ɗiga. Ɗaya ke nan. Na yi wa kaina faɗa, na ce ke malamar makaranta guda, ƙirgen wanki kike? Bayan sati uku na koma, ga shi kuma a shanye, furannin sun koɗe. A ranar matar ƙanena ta ja ni gefe ta ce Inna ta rage cin abinci.

Na sace zanen. E, sata na yi, ba wani suna da zan ba abin. Na san ajali na Allah ne, na san zani ba ya kashe mutum, na yi istigfari tun daga tasha har Ikara. Amma sai da na kai shi can ƙasan akwatina na danne da barguna.

Damina ta shigo, Inna na ramewa. Muka kai ta asibiti, aka ba da magunguna, ba abin da ya sake. Wata safiya ta sa aka kira ni a waya. "Ke 'yar nan, ki dawo min da zanena." Na ce wane zani? Ta ce, "Ni fa na haife ki."

Na kai mata, na kuma tare a gidan. Na tara mutanen gida na ce duk wanda ya sa wa zanen nan ruwa, ni da shi ne. Suka dube ni kamar na taɓu. Oho dai.

Kwana tara tana ɗaure da shi, ta ƙi kowane zani. Koko ya zube a kai, magani ya zube, ga gumi. Matar da ko ƙurar tsakar gida ba ta yarda ta taɓa mata kaya. A rana ta goma da hantsi ciwon ya ci ƙarfinta, ba ta kai bayan gida ba. Na gyara ta ina kauda kai don kada ta ji kunya. Ta kama hannuna.

"Da wannan zan yi azahar?"

Na ɗauko atamfar nan ruwan ƙasa, wadda na riga na sa aka yi wa baki. Ta gane ta nan take, har ta ɗan murmusa. Ta ce, "To, ara min kafin nawa ya bushe. Je ki wanke shi. Ke nake so ki wanke."

Me zan ce? In gaya wa uwata ta bar zanen sallarta da najasa saboda ina jin tsoron sabulu? Na ɗauka na fita bakin rijiya. Ina tsoma shi ruwan ya rine. Na zubar na sake, ya sake rinewa. Ina cuɗawa ina kuka, koren na bin kwata yana fita waje, kaji na tsallakewa. Da na matse sai na ji zaren ya saki a hannuna. Abin da na shanya ya kusa zama fari.

Da la'asar ya bushe na kai mata. Ta murza bakinsa, ta ɗaga shi saitin taga, haske ya ratso ta ko'ina. Wallahi fuskarta daɗi ta nuna, irin na wanda lissafinsa ya fita daidai.

"Uku na ce," in ji ta.

Ta kwance ruwan ƙasan da kanta, ta ninke, ta ɗora min a cinya. "Riƙe abarki. Sha biyu ce."

Kwana biyu bayan nan, ana idar da azahar, Allah ya karɓi abarsa.

Atamfar tana nan, ina ɗaura ta, ban taɓa barin ta ta kwana a igiya ba. Launinta bai gusa ba ko kaɗan. Ina gaya wa mutane ba na ƙirga shekarunta, amma ƙarya nake yi. Bana ta shiga ta goma sha ɗaya, kuma shekaranjiya da nake ninke ta na ga zare ɗaya ya fara zarewa a bakinta.