Mangwaron Minista

Shekara arba'in ke nan da muka kai Malam Isaka makwancinsa a Dosara, amma sai kwanan nan na fahimci mutumin da na zauna da shi.

Ɗan arewacin Ghana ne. Malamin makaranta ne da farko, jama'arsa suka tura shi majalisa, daga can aka ba shi kujerar minista. Da soja suka kifar da gwamnatinsu ya sha ɗauri, yana fitowa ya tsallake iyaka, ya bar mata da 'ya'ya. Lokacin aikin madatsar Bakolori na kan ganiyarsa, sai ya samu aikin akawu a can. Ni kuwa ina koyarwa a firamare, na ba shi ɗaki a gidanmu. Hausarsa ta Zangon Ghana ce, mu yi ta yi masa dariya, shi ma ya rama da tamu. Muka laƙaba masa Minista. Bai so ba, amma ina, suna ya riga ya bi shi.

Komawa gida babu dama, don soja na jiransa. A nan kuma baƙo ne, bakinsa a ɗaure. Da ruwa ya ci gonakin mutane, manoma suka yi ta kai kuka, sai dai in ga ya buga tagumi. Ya san abin faɗa sarai, ya saba faɗarsa a majalisa, amma kalma guda ta isa a jefa shi mota a miƙa shi ga waɗanda ya guje wa. Wallahi yana ba ni tausayi.

Don ya rage tunani na yanka masa gefen fadamata. Ya yi albasa, ya yi tumatir da kuɓewa. Abu ɗaya na lura: ba ya shuka abin da zai kwana shekara a ƙasa. Duk damina sai na miƙa masa dashen mangwaro, shi kuma ya ce, "Malam Garba, wa zai sha? Ni baɗi ina gida." Akwatinsa kullum a ɗaure, rediyo manne da kunne, yana jiran labarin Accra.

Wata safiya muna dawowa daga masallaci ya ce, "Dashen nan naka, akwai saura?"

Murna ta kama ni. A wurinmu baƙon da ya dasa icce ya zama ɗan gida. Na tara maƙwabta, aka dama fura, ina ta shela: "Jama'a, Minista ya zama Bazamfare! Aure ɗai ya rage mu yi mai!" Ya yi murmushi, ya hana kowa kama masa, ya haƙa ramin da hannunsa. Da ya gama ya daɗe a tsugune. Daga ranar bai ƙara kunna rediyo ba, ya kwance akwatin ya jera kayansa. Mangwaron bai kai ga fure ba Allah Ya karɓi abinSa. Muka ce zazzaɓi ne.

Nakan tambayi kaina me zai ce da yau. A ƙasarsu gwamnati na sauka ta miƙa wa wata ba tare da an harba ko harsashi ba, da yana raye da tuni ya hau mota. Mu ne yanzu hanyar gida ta gagara. 'Yan bindiga suka tashe mu, ina zaune gidan haya a Talata Mafara. An ce iccen ya ƙasaita, yara na kiransa mangwaron Minista ba su san ko wane ne ba. Na daɗe ban gan shi ba, balle kabarin.

Bara ɗana Nura ya kawo mini dashen mangwaro a leda. Ya ce, "Baba, dasa wanga tsakar gida ka samu inuwa."

Ban san lokacin da na ce, "Wa zai sha? Baɗi muna gida" ba. Sai na tuna da Minista. Ashe ranar da muke shan fura muna tsokanarsa, mutumin nan Ghana yake binnewa.

Ban san abin da ya bari a ƙasarsu ba, ko titi ko makaranta. A nan dai icce ɗaya ya bari, da wannan magana da ta faɗo daga bakina. Allah Ya jiƙanka, Minista, Ya sa ka isa gidan da ba a kora.

Dashen Nura na nan cikin ledarsa. Ina ba shi ruwa. Saiwarsa ta huda gindin ledar, don haka duk bayan 'yan kwanaki nakan ɗaga shi in sauya masa wuri, kada ya kama ƙasa.