Kawu da Famfon Cikin Riga

Shekara talatin da ɗaya kawuna yana sayar da balan-balan a ƙofar filin wasan yara, kuma bai taɓa hura ko ɗaya da famfo ba. Da baki yake hurawa. A ganinsa mai famfo ɗan damfara ne, iskar titi yake sayar wa jama'a. Shi kuwa tasa ta gida ce, ko da yake idan balan-balan ɗinsa ta fashe warin sigari take yi, iyaye su yi ta waige-waige.

Da korona ta zo sai ta kama shi, ta sauka a huhu. Kwana goma sha tara ya yi a asibiti da robar iska a hanci. Ya fito da ransa, muka gode wa Allah, amma bayan wata takwas ko matakala uku ya hau sai ya zauna ya huta. Na kai shi aka ɗauki hoton ƙirji.

Likita ta ɗaga hoton ta nuna mana wani fari-fari kamar saƙar gizo. Ta ce tabo ne, kuma mai yiwuwa wani ba zai goge ba. Ta lissafa abin da ya ja masa: shekaru, sigari, da tsananin da ciwon ya yi.

"Shekarun nan ba ni na gayyace su ba," in ji Kawu. "Sigari kuwa ai ba ta zama a cikina, likita. Duk a balan-balan nake juye ta."

Ta miƙa masa na'urar gwaji, ta ce ya hura iya ƙarfinsa. Ya dube ni yana murmushi, an kawo masa sana'arsa har gida. Ya hura. Likita, idonta na kan takarda, ta ce, "To Baba, fara mana." Wallahi ban taɓa jin haushin mutumin kirki kamar ranar ba.

Muka saya masa famfon ƙafa. Kwana uku bai yi mana magana ba. A rana ta huɗu ya ɓoye famfon a ƙarƙashin tebur, ya zura tiyon ta ƙafar wando, ya biyo da shi cikin riga, ya fito da shi a tafin hannu. Sai ya kai hannu baki, ya kumbura kumatu, ya zaro ido, ƙafa na ta aiki a ƙasa. Kowa a layin ya sani. Mai gyaran takalmi na gefensa har tafi yake masa. Akwai ranar da ya manta, yana gaisawa da wata mata balan-balan na ta kumbura a hannunsa.

Ran nan na biya da hantsi na tarar ya cire tiyon. Yana riƙe da wata jar balan-balan: ya hura kaɗan, ya matse wuyanta da yatsu, ya yi tari, ya huta, ya sake.

Na ce, "Kawu, don Allah ka bari."

Ya ɗaga mini hannu. Sai da rana ta take sannan ta kai girman lemo. Wani mutum ya tsaya ya ce ƙaramar nan yake so.

"Yi haƙuri, ɗana," in ji Kawu yana haki. "Wannan ba ta sayarwa ba ce. Ita ke nan gare ni yau."

Ya mayar da ita bakinsa, ya saki yatsu a hankali, ya shanye abarsa.