Makullin Reshe Na Uku

Tun kafin in ajiye aikin koyarwa, na sha jin ana cewa manoman bakin kanal, wato babbar hanyar ruwan noman rani, da na wutsiyarsa ba za su taɓa sa hannu a akushi ɗaya ba. Dagaci ya gwada ya gaji. Liman ya yi huɗuba har muryarsa ta dishe. Dalilin kuwa ba ɓoyayye ba ne: ruwan da ake sako mana da rani ba ya isar kowa a rana ɗaya. Idan na bakin kanal suka ƙoshi, sai tumatirin na wutsiya ya yi yaushi.

Saboda haka aka damƙa mini makullan ƙofofin ruwa guda uku, domin ba ni da gona a cikinsu, kuma rabin manoman sun zauna a gabana a aji. Na raba musu kwanaki bi da bi. Reshen farko na mutanen bakin kanal ne, na biyu na mutanen wutsiya, na uku kuwa na Fulanin da suka zauna a gefen Bunkure suna noman alkama da kiwo. Shekara huɗu ina riƙe da makullan nan, ba a taɓa cewa na karkata ba. Ban mallaki abin da ya fi wannan shaidar ba.

A ranin shekarar zaɓe aka ce ɗan takarar shugaban ƙasa zai ratso ta wajenmu. An yi ta yabonsa da cewa duk inda ya sauka, masu gaba sukan tashi suna riƙe da hannun juna. Ni dai na ji, na ajiye, domin sulhun da aka ƙulla tsakanin azahar da la'asar ban cika yarda da shi ba.

Kwana biyu kafin zuwansa, wakilinsa ya same ni a zaure, ya durƙusa kamar ɗalibi.

"Malam, alfarma ɗaya muke nema. A buɗe reshen farko da na biyu tare, na kwana uku kacal. Mai ƙishirwa ba ya jin maganar sulhu."

Na ce, "Ruwan kuwa daga ina zai fito?"

Ya ce, "Ai Malam ya fi ni sani."

Na sani ƙwarai. Sai an rufe na uku. Na ce ranar Fulani ce. Ya ce alkama tana jure kwana uku, ya ƙara da cewa maigidansa ya ji labarin adalcina tun daga Kano. Ba zan ɓoye ba, maganar nan ta shige ni. Da hantsi na ɗauki makulli na rufe.

Ranar taro ruwa ya cika rassan biyu har yana tumbatsa. Ɗan takara ya iso bayan azahar. Dogo ne, mai magana a hankali. Ya gai da kowane dattijo da sunan mahaifinsa, ya tambayi wani ciwon ƙafarsa, ya tsokani wani da cewa ya ji barkononsa ya fi bakin matarsa zafi, aka yi ta dariya. Ya sa aka haɗa akussan ɓangarorin biyu a tabarma ɗaya, ya ɗebi loma a nan, ya ɗebi loma a can. Na lura bai fifita ko ɗaya da loma guda ba. Dattawan da suka shekara ba sa gaisawa suka ci tare a gabana.

Ana cikin haka sai ga Arɗo, shugaban Fulanin reshe na uku. Abin da ya fara tsaya mini a rai shi ne, a motar wakilin nan aka kawo shi.

Arɗo ya ce, "Ranka ya daɗe, yau rana ta uku ke nan ba mu ga ɗigon ruwa ba. Alkama ta fara fitar da kai, shanu suna lasar taɓo."

Ɗan takara ya tsame hannunsa daga akushi. "Subhanallahi! Wa ke riƙe da makulli?"

Bai jira amsa ba. Idonsa ya zo kaina kai tsaye, alhali ba a taɓa gabatar da ni gare shi ba.

"Malam, kowa yana kuskure. Don Allah a buɗe wa bayin Allah ruwa."

Na nemi wakilin da ido, na hango shi yana gyara wa Arɗo tabarma. Na tafi na buɗe, jama'a na biye da ni suna yi wa ɗan takara kirari. Ya bar garin ɓangarorin nan uku duk suna goyon bayansa. Ni kuwa kafin mako ya zagayo, an fara cewa kwandon tumatir aka ba ni na rufe ruwan. Arɗo bai sake shiga zaurena ba. Na kai wa dagaci makullan, ya karɓa bai ce in sake tunani ba.

Har yau ba ni da shaidar cewa ɗan takarar ne ya kitsa abin da kansa. Abin da na gani dai na faɗa. Masu ba da labarin sulhun nan suna farawa ne daga ranar Juma'ar da ya zo. Ni ina so a rubuta cewa ya fara ne ranar Laraba da hantsi, kwana biyu kafin nan, a ranin 1983, sa'ad da aka roƙe ni na rufe reshe na uku da hannuna.