Takalmin da Na Ba Ƙanina Aro

A shekarun da na yi ina gadi a Doha, wurin tsayuwata a cikin wani katafaren kanti ne da aka gina shi ya yi kama da birnin Venice na Italiya. An haƙa 'yar korama a tsakiyarsa, an ɗora mata gada, ga kwale-kwale masu dogon hanci suna kai yara suna dawowa da su. Sama kuwa fenti ce. Wani gwani ne ya zana gajimare a jikin rufin, fari a kan shuɗi, kuma tun ranar da na fara aiki har ranar da na bari, gajimaren nan bai matsa ko'ina ba. Da safe wani ɗan Nepal ne yake zuwa ya kunna fitilun rufin, shi ke nan gari ya waye. Ni dai aikina in tsaya a bakin gada in hana yara leƙa ruwa, in nuna wa mutane hanyar banɗaki da ta masallaci.

A unguwar Najma nake kwana, ɗaki ɗaya da 'yan'uwa Hausawa, masu gadi da direbobi, gado bisa gado. Ƙanina ya zo Doha a bayana, amma shi karatu ya kawo shi. An ɗauki nauyinsa yana koyon zanen gine-gine a jami'a, yana da ɗakinsa a makaranta har da teburin karatu. Ranar da zai taso daga gida Inna ta kira ni, ta ce, "Ga ɗan'uwanka nan, a hannunka yake." Ni kuma na san nauyin abin da ta ɗora mini. Duk Juma'a bayan masallaci yakan zo Najma mu ci shinkafa da wake da mai da yaji, 'yan ɗakinmu suna kiransa Injiniya, yana cewa su bari ya gama tukuna.

A irin wannan Juma'ar ce ya gaya mana makaranta za ta kai 'yan ajinsu Italiya a hutun tsakiyar zango, su ga tsofaffin birane da idonsu: Roma, sai Florence, a ƙare a Venice. Ya ce lokacin ne sanyin can yake tafiya, itatuwa suna sabon ganye, ko'ina furanni. Har bizarsa ta fito. Akwai wani direba Basakkwace a ɗakinmu, bakinsa ba ya hutawa, ya ajiye cokali ya dafe ƙirji.

"Wallahi da ni na samu bizar ga, khalas, na tafi ke nan! Kafil, uban gidana, ya nemi wani direba, ku kuma sai dai ku ji labari."

Kowa ya fashe da dariya. Ƙanina bai yi ba. Ya sunkuyar da kai yana juya wake a faranti. Na san yaron nan tun yana rarrafe, na san shirunsa kala-kala ne.

Da na raka shi bakin titi ban yi wani kwana-kwana ba, na tambaye shi. Ya ce akwai wani abokinsa na sakandare da ya tsallaka ta ruwa, yana zaune kusa da Florence, sun jima suna magana a waya. Ni mutum ne mai saurin fushi, nan take na hau shi. Na tuna masa Inna, na tuna masa mutanen da suka ɗauki nauyinsa, na ce wane irin hauka ne mutum ya jefar da karatu ya je ya zama ɓoyayye a ƙasar mutane. Ya bari na gama tas.

"Yaya, to idan na gama fa?" ya ce. "Zamana a nan na ɗalibi ne. In koma gida in zauna da takarda a akwati, ko in sa yunifom in tsaya kusa da kai?"

Maganar ta shige ni har ƙashi. Da wani ne ya faɗa mini da an ji kanmu a titin nan. Na ce masa motarsa ta zo.

Ina da wani takalmi ruwan ƙasa, na fata, da na saya a unguwar Al Muntazah don in sa ranar da zan sauka gida hutu. Hutun ne ake ta ɗaga mini, yau a ce babu wanda zai riƙe wurina, gobe a ce bayan Sallah. Takalmin yana cikin kwalinsa a ƙarƙashin gado, ban taɓa taka ƙasa da shi ba. Shi kuma ƙanina kambas ɗinsa ya buɗe baki, ga shi ƙafarmu ɗaya. Juma'ar ƙarshe kafin tafiyarsu na jawo kwalin na tura masa. Ya gwada, ya zauna masa cif.

"Aro ne fa," na ce. "Ka dawo mini da abuna, da ƙafarka a ciki."

"To, Yaya."

Iyakar abin da na iya faɗa ke nan. Ba ni da ikon riƙe fasfonsa, ba ni da ikon bin sa. Ni da ko bakin ƙofar kanti ba na fita sai na nemi izini.

A wurin aikinmu ba a shiga da waya. Kana zuwa za ka kulle ta a loka, sai lokacin sallar azahar ka samu ka duba. Haka na bi tafiyar nan, daga azahar zuwa azahar. Hotunan Roma suka fara shigowa. Ga shi tsaye a gaban wani ƙaton kango mai zagaye, duk jikinsa tagogi, rabinsa ya zube. Ga shi a bakin wani maɓulɓular ruwa da aka sassaƙa dawakai a ciki, mutane sun yi cincirindo. Ya rubuto mini cewa duwatsun titin sun girmi kakannin kakanninmu. Ni kuwa ba gini nake kallo ba. Sai in sa yatsa biyu in buɗe hoton, in gangara ƙasa in duba ƙafarsa. In dai takalmina yana cikin layin 'yan ajinsu, kusa da malaminsu mai lema, sai in ji sanyi in koma bakin gadata.

Basakkwacen nan ya kama ni wata rana ina yin haka, ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Kai dai takalminka ya riga ka zuwa Turai." Na ce ya kiyaye ni. Amma abin ya ba ni dariya, ya kuma ba ni haushi, don gaskiya ya faɗa.

A Florence ya turo hoton wata ƙubba ja, babba, ta rufe rabin sama. Ya turo wata gada da aka gina shaguna a kanta, da wata katanga da furanni masu ruwan shuni suka zubo mata kamar an shanya mayafi. Sai hoto na ƙarshe. Su biyu ne a bakin kogi, shi da wani siririn saurayi mai jaket baƙa, sun dafa juna. Babu malami, babu 'yan aji. Na gane abokin nan ne tun kafin in karanta abin da ya rubuta. Ranar ban san abin da na karanta a sallah ba, Allah Ya yafe mini.

Na kira, bai ɗauka ba. Na aika masa murya ina faɗa, na goge, na sake, na aika. Ya amsa da kalma biyu: "Lafiya lau." Daga nan hotuna suka tsaya.

Ban taɓa jin kantin nan ya matse ni irin na kwanakin ba. Ina tsaye, hannu a baya, ruwan koramar yana warin maganin wanki, kwale-kwale yana wucewa da 'yar ƙararsa ta batir, ya kai ƙarshen bango ya juyo don babu inda za shi. Waƙar da ake sakawa ita ce dai ta jiya. Mutane suna zuwa su miƙo mini waya in ɗauke su hoto a kan gada, in ɗauka in yi murmushi, wasu har su ce in matsa kada in fito a bayansu. A waje rana ta fara zafinta na Doha, a ciki kuma kullum ƙarfe ɗaya ne, ba safiya ba yamma. Ina ɗaga kai in ga gajimaren nan a inda na bar shi, sai in ji kamar in yi ihu. Ƙanina yana can yana shirin ɓacewa, ni kuma ina nan ina nuna hanyar banɗaki.

Inna ta kira tana tambayar ɗanta. Na ce yana lafiya, yana yawon ganin gari. Ta ce Allah Ya dawo da shi lafiya, na ce amin da ƙarfi.

Ana gobe za su taso, na buɗe loka da azahar na tarar da saƙon murya daga Venice. Na jingina da bangon lungun ma'aikata na kara a kunne. Bai ce komai ba. Ruwan sama ne kawai yake zuba, sosai, a kan dutse da kan ruwa. Can nesa ƙararrawa tana bugawa, wani yana kiran wani da yarensu, ga takun ƙafa cikin ruwa, caɓal caɓal. Na san takalmina ne. Na saurara har ya ƙare, na sake kunnawa. Rabona da jin ruwan sama irin wannan tun ina gida, tun muna kwasar shanya da gudu ni da shi, Inna tana ƙwala mana kira. Sai ga hawaye, ni da nake ganin na fi ƙarfin kuka.

A tsaye a lungun nan na tambayi kaina, ina nake kiran yaron nan ya dawo? Amsar da ban ba shi ba a bakin titi har yanzu ba ni da ita. Na ji tsoron abin da zai same shi a can, na kuma ji kunyar in ja shi zuwa inda ni kaina nake neman hanyar fita. Ban san wanne ya fi ba, har yau ban sani ba. Na dai rubuta masa, "Takalmin na bar maka." Na tura, na ga ya karanta, na kulle wayar a loka na koma aiki.

Bai amsa ba. Ranar da jirginsu ya kamata ya sauka wayarsa a kashe take. Na kasa cin abinci, na yi ta shirya yadda zan gaya wa Inna cewa abin da ta sa a hannuna ni da kaina na buɗe hannun. Duk yadda na jera maganar ba ta jeruwa. Basakkwacen ma ya daina tsokanata, ya koma kawo mini shayi ba tare da na tambaya ba.

Washegari Juma'a ce. Mun dawo daga masallaci, ana zuba shinkafa, sai aka turo ƙofa da sallama. Shi ne, da silifas a ƙafarsa da leda a hannu, ya rame, idonsa ja don rashin barci. Ɗaki ya kaure. "Injiniya! Yalla, a ba shi wuri!" Ni ina zaune a bakin gado. Ya tsallake faranti ya zo ya durƙusa a gabana ya ajiye ledar.

"Na ga saƙonka, Yaya. Ni aro na karɓa."

Na so in yi faɗa, in tambaye shi me ya hana shi kunna waya, amma na bari don idon mutane. Da ɗaki ya lafa, ya matso ya yi ƙasa da murya.

"Na je ɗakin abokin nan nawa. Gado bisa gado ne, irin na nan. Shi ko sallama aka yi da ƙarfi sai ya firgita." Ya dubi ledar. "Ban ce na samu amsa ba fa. Na dai dawo."

Na buɗe ledar. Takalmin ya ci ƙasa, dunduniyarsa ta goge ta gefe ɗaya, hancinsa ya kwarzane, ga farin layi a jikin fatar inda ruwa ya tsaya. Ya ce dandalin Venice ne ya cika da ruwa ranar da ya turo mini saƙon murya, har idon sawu, bai samu inda zai shanya ba. Na sa hannu a ciki. Da danshi har yanzu, da sanyi. Ban san lokacin da na cire safa na zura ƙafata ba, ina zaune a bakin gado, ana ta cin abinci a gabana.

Basakkwacen ya ce in kai shi taga, ranar Doha za ta busar da shi kafin la'asar. Na ce na ji. Na zauna da shi a ƙafata har aka kwashe faranti, sannan na mayar da shi cikin ledar da danshinsa, na ƙulle bakin, na tura ƙarƙashin gado. Da safe na sa baƙin takalmin aiki na tafi bakin gadata.