Maddin Makahon Italiya

Ko da tsufa zai kwashe duk abin da na sani, ba na jin zai taɓa wani yammaci da na yi a gadon asibiti a unguwar Shumaisi ta birnin Riyad. An yi mini aikin ido, an naɗe duka biyun, likita kuma ya ƙi yi mini alkawarin gani. Mutumin da ya tsufa a kan littattafai, me ya rage masa idan baƙaƙe suka ɓace masa? Bakina yana hamdala, zuciyata kuwa cike take da tsoro.

Bayan la'asar, ina tsakanin barci da farke, sai muryar wani namiji ta taso daga gefen gadona. Ta hau a hankali kamar hayaƙin turaren wuta, ta tsaya can sama ba ta girgiza ba. Na ga kaina ina yaro a zauren malaminmu, hasken hantsi yana kwance a kan tabarma. Na ɗauka wani alaramma ne na wata ƙasa mai nisa, har na fara lanƙwasa yatsu ina auna maddinsa, yadda nake yi wa ɗalibai. Yatsu suka ƙare, numfashinsa bai ƙare ba.

Na ce, "Wannan wace ruwaya ce? Ya ja maddi ya wuce ƙa'ida."

Jikata da ke jinyata, haihuwar Riyad, ta tuntsire da dariya. "Wallah, angona, ido aka yi wa aiki, ba kunne ba. Wani mawaƙi ne ɗan Italiya na kunna a wayata. Na zaci ka yi barci."

Na yi istigfari, na ce ta kashe.

"Khalas, shi ke nan, na kashe."

Can na kasa daurewa. "Amarya, me yake faɗa?"

"Bankwana yake yi. Da wannan waƙa duniya ta san shi. A da can a ƙananan wuraren shaƙatawa yake rerawa, mutane suna hirarsu. Kuma makaho ne tun yana yaro."

Ban ce ta sake kunnawa ba. Hukuncin kiɗa yana nan inda malamai suka bar shi. Sai dai na ce a raina: Wanda Ya karɓi idon wannan bawa Ya bar masa numfashi, ni fa me Ya bar mini? Na buɗe baki na ɗauko Baƙara da ka, sai ga ayoyi suna zuwa a jere cikin duhun, ba wadda ta makara.

Da aka kwance naɗin, idon dama ya dawo dishi-dishi, na hagu ya tafi ke nan. Ban yi kuka ba. Tun daga ranar na gane cewa idan Allah Ya karɓi abu a hannun bawa, abin da ya kamace shi shi ne ya laluba abin da aka bar masa.