Kalandar da Na Cike da Hotuna

Da ana iya janye abin da aka riga aka buga a takarda, da na janye kalandar ƙungiyarmu ta shekarar da 'yata ta gama jami'a. Ni na ɓata ta da hannuna, ba wanda ya shaƙe mini wuya. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa tilas ce ta sa, amma yanzu da na tsufa na daina.

Aikina a ƙasar nan yankan takarda ne. Na yi shekaru a wata ƙaramar maɗaba'a a Levenshulme, wata unguwa a Manchester, bayan Stockport Road, ina yanka, ina ninkewa, ina ɗinke littattafai. Karatuna bai wuce firamare ba, sai ɗan abin da na tsinta a hanya. Ƙungiyarmu ta 'yan Arewa mazauna Manchester da Birmingham kuwa cike take da likitoci da injiniyoyi da akantoci. In ana taro kujerar baya nake nema. Abu ɗaya ne ke sa a waiwayo a neme ni, shi ne kalanda. Duk ƙarshen shekara ni ke haɗa ta, ni ke bugawa.

Kalandarmu tana da ƙa'ida, ko da yake ba a rubuce take ba. Hoton shugaba a sama, ya fi na kowa girma. Sai mataimaki, sai iyayen ƙungiya, sai shugabar mata, sai waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, kowa da muƙaminsa a ƙasan hoto. Ba a barin fili ko na ɗan yatsa. Akwai shekarar da hoton wani injiniya ya ɗan yi ƙanƙanta, har azumi ya zagayo bai amsa gaisuwata da sakin fuska ba.

'Yata ta fari, wadda nake kira Uwata don sunan mahaifiyata gare ta, tana karatun zane a Birmingham. Makarantarsu ta tura ta Finland na 'yan watanni. Ban ma san inda ƙasar take ba sai da ta nuna mini a waya. Da ta dawo, ta baje kayan da ta zo da su a tsakiyar falonmu na unguwar Gorton: fostoci, da kan sarki, da littattafan yara.

"Baba, dubi wannan."

Na duba. Farar takarda ce, sai ɗan shuɗi a ƙasa da itatuwa uku masu farin ɓawo.

"Ina sauran?" na ce.

Ta yi dariya. "Iyakarsa ke nan. Tafki ne da dusar ƙanƙara. Duk ɗan ƙasar da ya gani ya san gida ne."

Ta ce mini mutanen can ba su da yawa, kuma sun daɗe a ƙarƙashin mulkin maƙwabtansu. Masu zanensu ne suka yi ta zana dazukansu da tafkunansu da tatsuniyoyinsu a littafi da kan sarki da atamfa, har mutane suka riƙa ganin kansu a ciki. Ta ce shiru ba ya damunsu, aboki zai zauna da abokinsa ba wanda ya ce uffan, kuma haka takardarsu take.

"Baba, ka bar mini kalandar bana. Mu ma muna da namu. Zan sa ta cikin project ɗina na ƙarshe."

Na ce to. Raina ya yi fari ƙal, don ban taɓa zaton aikina zai shiga jami'a ba.

Wata biyu ta yi tana bugo mini waya. Yaya bakin tulun garinmu yake? Faifan da Kaka ke saƙawa launi nawa ne? Na riƙa zana mata a bayan ambulan da biro ina aika mata hotonsa. Ban taɓa hira da ita mai tsawo irin ta lokacin ba. Ta gama shafi goma sha biyu, kowane wata da abu ɗaya tak: tulu, faifai, ludayi a bakin ƙwarya, kuka ita kaɗai, dagi a saman ƙofar zaure. Sauran takardar fili ne. Sunayen shugabanni ta jera su a shafin baya, da ƙananan baƙaƙe, ba hoto.

Na buga samfuri na kai wa shugaba, wani likita, bayan sallar Juma'a. Mataimakinsa na tsaye a gefe. Likita ya buɗe shafi ɗaya, biyu, uku.

"Malam, tawada ce ta ƙare muku?"

Mataimakin ya leƙo. "A'a, ranka ya daɗe, ludayi aka zaɓa shugaba bana. Mu sai dai mu bi bayansa."

Suka yi dariya, ni ma na taya su. A nan ya kamata in ce 'yata ce ta yi, kuma ga dalilinta. Ko in ce su zauna da ita su ji ta bakinta. Amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ai ba a gama ba ne, Likita. Filin nan na hotuna ne."

"Yawwa, na san ba za ka ba mu kunya ba."

Sati uku na yi da maganar a ciki. In ta bugo ta ce, "Baba, sun gani? Me suka ce?" sai in ce sun gani, sun yaba. In Likita ya aiko da sabon hotonsa sai in ce ya iso. Mahaifiyarta ta lura ba na cin abinci sosai, ta tambaye ni, na ce ciwon ciki ne, har ta matsa in je wurin GP, wato likitan unguwarmu. Ko'ina na juya akwai wanda na yi wa ƙarya. Na kasa komawa wurin Likita don kada a karɓe kalandar a ba wani. Na kasa gaya wa yarinyar don kada in ga fuskarta.

Wata Asabar da safe na shiga maɗaba'a, na buɗe aikinta a kwamfuta, na cusa hotuna a duk inda ta bari fili. Na matse tulun zuwa lungu don shugaba ya samu wuri. Na zagaye kukar da kawunan iyayen ƙungiya. Sunanta kuwa na bar shi a baya yadda ta rubuta, wai a tunanina karramawa ce.

A Birmingham aka yi taron ƙarshen shekara. Ta zo da wata ƙawarta 'yar Finland da suka yi karatu tare, ta ja ta har gaban kwalayen da na shigo da su. Ina tsaye ta yanke salatif, ta zaro ɗaya. Ta bi shafukan ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe. Ƙawar ta dafa kafaɗarta.

"Baba," ta ce a hankali, "da ka gaya mini."

Kafin in buɗe baki, Likita ya ɗauki makirufo ya kira ta gaba, ya ce ga 'yarmu da ta ƙawata mana kalandar bana. Aka yi ta tafi. Ta tsaya riƙe da abin da ba nata ba, aka ɗauke su hoto, ta ce ta gode. Saboda ni ta tsaya, don kada in ji kunya a gaban mutane.

Ba ta yi fushi irin wanda ake gani ba. Ta cire kalandar daga project ɗinta, ta yi wani abu dabam a gurguje, ta samu ta fita. Yanzu tana aiki a Birmingham, ta yi aure, tana zuwa mana duk wata. Ita ke duba magungunana, ita ke cike mini takardun council, wato ƙaramar hukuma. Amma tun ranar ba ta sake nuna mini ko layi ɗaya da ta zana ba. A bakin mahaifiyarta nake jin ta yi bangon littafi, ko ta yi wa wani gidan tarihi fosta. Sau ɗaya na tattara ƙarfina a kicin na ce, "Uwata, maganar kalandar nan, ki yafe mini." Ta ce, "It's fine, Baba, ya wuce," ta ci gaba da yanka albasa. Na yarda ta yafe. Sai dai in na tambaye ta me take zanawa yanzu, amsarta ɗaya ce, "Aiki ne kawai, Baba."

Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan, musamman iyaye 'yan'uwana. In ɗanka ya ba ka amanar aikin hannunsa, kuma ka ga ba za ka iya tsaya masa a gaban mutane ba, ka je ka same shi ka faɗa masa da bakinka tun abin bai fita ba. Kada ka gyara masa a ɓoye.